Kukan Albarushi

A Sandamu, bayan rumfar maƙera,
akwai ɗakin da Kawu Sallau ya hana wuta shiga,
ko ashana, ko guntun taba, ko fitilar ƙwai.
Ni ce kaɗai ke shiga, don idonsa ya fara yana,
nawa kuwa yana ganin allurar sikeli ko da magariba.

Kwanson harsashi jere bisa faifai,
tagulla mai tabon yatsa,
kowanne ya taɓa zuwa daji ya dawo wayam.
Shi ke gogewa, ni ke awo.
"Lantana, karanta mini."
In karanta. Ya ce, "Sake."
In sake. Sannan ya zuba ta mazurari,
kamar mai ɗura wa jinjiri magani.

Wata Laraba garin ya cika har wuya.
Na ce, "Kawu, ina dalmar za ta zauna?
Ɗaki ya cika, ga baƙo a ƙofa."
Ya ce, "Matso da kunnenki."
Ya ɗora kan harsashin, ya danna sannu,
sai na ji: ƙurus.
Kamar haƙori ya gamu da tsakuwa a shinkafa.

"Kukan albarushi ke nan," in ji shi.
"Wani garin mai sanyin hali ne, wuta na cin sa a hankali,
ki matse shi, ya haƙura.
Wani kuwa ɗan zafin kai,
ki matse shi, ya rama a fuskarki.
Duka baƙaƙe ne in kin duba.
An ce ido ba mudu ba, ya san ƙima.
A ɗakin nan ƙarya ne."
Ya buɗe takardar da ta zo da gwangwanin,
ta sha maiƙo, ta sha ninki,
ya aza yatsa kan layin ƙarshe:
"Masu abin sun ce nan ne iyaka. Ban fi su sani ba."

Barau na Kwasarawa yakan leƙo bayan la'asar,
ya tsaya daga waje, ya karɓi shayi da hagu.
Na dama saura yatsu biyu da rabi.
Shekarar da gada ta yi nisa ne ya ce bari ya ƙara ɗan kaɗan,
ɗan kaɗan ɗin nan da ba ya cika farce.
Ba ya ba da labarin.
Yakan dai ce, "Sallau, har yanzu kana awon kamar mai sayar da zinariya?"
Kawu ya ce, "Har yanzu."

Waɗanda suka yi kuka ba a sa su jaka ran nan.
Sai su kwana a tsaye,
da asuba a gwada tsawonsu da wani tsinken da ya yanka daidai.
Na tuna guda da ya kwana ya ƙara tsayi,
garin ya turo dalmar sama cikin dare, ba wanda ya ji.
Kawu ya juya shi a tafin hannu.
"Wannan bai yarda ba."
Ya zare kan, ya zazzage, muka koma farko.

Damina biyu bayan haka aka kai Goggo Tabawa makwancinta.
Kwana uku yana zaune a zaure,
ana shigowa, ana "sai haƙuri",
yana amsawa, yana dannawa,
wani ya fita, wani ya shigo ya ɗora nasa.
Ko ɗigo bai zubar ba.
Mutane suka ce namiji ne.

Daren na huɗu na ga ƙofar ɗakin a buɗe.
Ba faifai, ba gwangwani, komai na rataye inda yake.
Yana zaune gaban sikelin, hularsa a gwiwa.
Na tsaya inda Barau ke tsayawa.
Na matso da kunnena.

Bai waiwayo ba.
"Lantana," ya ce, "karanta mini."
Babu komai a kan sikelin.
Allurar tana ta rawa.